Buhari Ɗan Sambo: Sarkin Haɗejan Da Aka Tuɓe Ya Ƙi Tuɓuwa

Ka lura da abin da ke faruwa a Facebook da TikTok duk ranar da aka ce an sauke wani mai muƙami? Kafin la'asar an rabu gida biyu. Waɗannan na cewa an yi zalunci, waɗancan na cewa ai dama shi ya jawo wa kansa. A yi ta zage-zage har abokai su daina gaisawa. Amma da wuya ka ga wanda ya tsaya ya yi tambaya uku: me mutumin ya yi, wa ke da ikon sauke shi, kuma wa zai ɗanɗana kuɗarsa idan ya ƙi sauka.

Yau zan mayar da kai baya shekara sama da 170, nan cikin Jigawa, ka ga wani sarki da waɗannan tambayoyi uku suka haɗu a kansa. Sunansa Buhari. A'a, ba tsohon shugaban ƙasa ba. Wannan Buhari ɗan Sambo ne, Sarkin Haɗeja, wanda Sarkin Musulmi ya tuɓe a 1850, ya dawo da ƙarfin tsiya ya ƙwace gadonsa, ya zauna a kai har ya rasu a 1863. In kai ɗan Jahun ne, ko Miga, ko Kiyawa, ko Dutse, to labarin nan na gidanku ne, domin a ƙasar kakanninka aka biya wani kaso na kuɗin wannan rigima.

Sauke, tuɓe, tsige, murabus

Bari mu fara da kalmomin, don ba ɗaya suke ba ko da yake muna cakuɗa su.

Sauke ita ce mafi sauƙi. Yadda ake sauke kaya daga kan jaki, haka ake sauke mutum daga muƙami. Ba dole sai ya yi laifi ba, wani lokaci ma ana sauke shi ne don a ba shi wani aikin. Tuɓe kuwa kalmar sarauta ce. Da rawani da alkyabba ake naɗa sarki, saboda haka kishiyar naɗi ita ce tuɓewa, kamar dai yadda ake tuɓe riga. Shi ya sa za ka ji 'yan jarida na cewa an warware wa wane rawani. Tsige ta fi zafi. Ka tuna yadda ake tsige gashi ko ciyawa: da ƙarfi ne, kuma da saiwa. Ita muke amfani da ita idan majalisa ta cire gwamna, kamar yadda majalisar tsohuwar jihar Kaduna ta yi wa Balarabe Musa a watan Yunin 1981. Sai murabus, wato mai sarauta ya ajiye da kansa. Amma ita ma wani lokaci rufin asiri ce kawai. A takarda, murabus Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya yi a 1963, alhali kowa ya san gwamnatin Arewa ce ta matsa masa bayan binciken kuɗin En'e, ya tafi Azare.

Ba mu kaɗai muke wannan bambancewa ba. Sinawa, waɗanda suka shafe shekaru dubbai suna naɗa ma'aikata da takarda, suna da kalmar mianzhi, wadda ke nufin an cire mutum daga kujera ba tare da an ce horo ne ba, kusan kamar sauke a wurinmu. Suna kuma da chezhi, wadda horo ce ƙarara saboda laifi. In sanarwa ta fito a can, masu karatu kan duba wacce aka yi amfani da ita, don ita ke nuna ko mutum zai iya dawowa. Abin da ya sami Buhari a Hausance tuɓewa ce, kuma irin ta horo.

Gidan da ya fito

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804, ƙananan sarautun da ke kwarin kogin Haɗeja, irin su Auyo da ita Haɗejar kanta, sun dunƙule ƙarƙashin tuta ɗaya. Mahaifin Buhari, Sambo, shi ya riƙe wannan ƙasa daga 1808. Shi ya mayar da birnin Haɗeja hedikwata, ya yi shekara 37 yana mulki.

Ka riƙe wani abu a ranka game da inda Haɗeja take. Ita ce bakin iyakar daular Sakkwato da Borno. Gumel da Machina, maƙwabtanta na arewa, duk mabiya Borno ne a lokacin. Ƙasar iyaka kuwa ba ta zama sai da mayaƙa, don haka Haɗeja ta tara dawakai da barade waɗanda yaƙi ne sana'arsu. Ga kuma nisa: daga Sakkwato zuwa Haɗeja ya haura kilomita 500, a zamanin da doki ne mafi saurin abin hawa. Waɗannan abubuwa biyu, ƙarfin soja da nisa, su za su yi wa Buhari rana daga baya.

A 1845 Sambo ya tsufa, sai ya yi murabus, na gaske, ya ba babban ɗansa Garko. Garko bai fi shekara biyu ba ya rasu. Aka naɗa ƙanensa Abdulƙadir, shi ma ya rasu a 1848. Tsoho yana raye ya binne 'ya'yansa biyu sarakuna. Saura manya biyu da ido ke kansu: Ahmadu da Buhari. Ahmadu mutum ne mai sanyin hali, kuma shi uban ya fi so ya gaje shi. Buhari kuwa mayaƙi ne, mai zafin nama, ga shi manyan bayin sarki da barade suna bayansa.

Da Sambo ya rasu a wannan shekara ta 1848, Buhari ya riga ɗan'uwansa. Masu tarihin baka suna ba da labarin cewa dabara ya yi wa tsohon a kan gadon jinya har kayan sarauta suka shiga hannunsa. Ko ma dai yaya aka yi, gari ya waye shi ne a fada, mayaƙa na tare da shi. Sakkwato ta amince da shi, duk da ba haka aka so ba.

Laifin da ya jawo tuɓewa

A tsarin daular, sarki ba ya cin gashin kansa. Sarkin Musulmi ke tabbatar da naɗinsa, yana aika gaisuwa Sakkwato, yana ba da mayaƙa idan an nema, kuma in an kira shi dole ya amsa. Wazirin Sakkwato shi ke kula da masarautun gabas irin su Kano da Katagum da Haɗeja. Sarkin Musulmi a lokacin shi ne Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, wanda ya hau a 1842. Wazirinsa kuwa Abdulƙadir ne, ɗan Waziri Giɗaɗo da Nana Asma'u.

Buhari bai daɗe da hawa ba ya fara share waɗanda yake ganin za su iya tsole masa ido. Babba a cikinsu shi ne Sarkin Auyo Nalara, ɗan'uwansa na jini, mutum mai farin jini da mabiya. Buhari ya sa aka kashe shi, ba shari'a, ba alƙali.

Ka tsaya nan kaɗan, don wannan wurin ne masu yabon Buhari kan tsallake. Ba don ya faɗi gaskiya aka tuɓe shi ba, ba kuma don ya kare talakawa ba. Jini ne a tsakani. A daular da ta ce don shari'a aka kafa ta, sarki ya kashe basarake ɗan'uwansa haka siddan, to in Sakkwato ta yi shiru ai ta nuna wa sauran sarakuna cewa kowa ya yi abin da ya ga dama.

Aka kira shi ya zo ya kare kansa, ya ƙi. A 1850 Waziri Abdulƙadir ya taso ya sauka a Katagum, ya sake kiransa, Buhari bai miƙa wuya ba. Sai Waziri ya zartar da hukunci: an tuɓe Buhari, an naɗa Ahmadu. Ya nufi Haɗeja da rundunar da yawancinta mutanen Kano ne. Buhari ya duba ya ga ba ranar faɗa ba ce, ya kwashe mutanensa ya fice ya yi arewa, wajen Machina. Aka zaunar da Ahmadu a fada, Waziri ya koma gida yana ganin aiki ya kammala.

Dawowar wanda aka tuɓe

Ka ga inda aka yi sakaci? An karɓe masa gari, amma ba a karɓe masa mayaƙa ba. An cire rawani, an bar takobi. Kuma wurin da ya nufa ƙasa ce ta masu jiran irin wannan dama. Borno ba ta manta da yankunan da jihadi ya ƙwace mata ba. Shehu Umar ɗan Al-Kanemi, wanda ke mulki a Kukawa, ba zai ƙi ganin an ɓalle wa Sakkwato ƙofarta ta gabas ba. Buhari ya sami mafaka, ya sami goyon baya.

Akwai wani baƙo da ya ratsa yankin daidai wannan lokaci, Bajamushe mai yawon bincike Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. A watan Maris na 1851 ya bi ta Gumel zuwa Kukawa, kuma ya rubuta labarin tuɓaɓɓen Sarkin Haɗeja da ke tara mayaƙa don komawa. Wato tun a lokacin maganar ta cika hanyoyin fatake.

A cikin 1851 ɗin Buhari ya dawo. Aka gwabza, rundunar Ahmadu ta watse, aka bi shi aka kashe. Shekara ɗaya kacal ya yi a kan gado. Ɗan'uwa na biyu ke nan da ya rasa ransa a wannan neman mulki. Buhari ya shiga Haɗeja, wannan karon ba da yardar kowa ba. Bai nemi takarda daga Sakkwato ba, bai aika gaisuwa ba.

Gamon Kafur

Yanzu abin ya wuce rigimar gida, ya zama tawaye. Sarkin Musulmi ya umarci masarautun gabas su haɗa runduna. A 1853 aka taru: Kano da Zazzau da Bauchi da Katagum da Misau da Jama'are da sauransu. Mayaƙan Kano suna ƙarƙashin Galadima Abdullahi, wanda bayan shekara biyu zai zama Sarkin Kano, shi ne ake kira Maje Karofi. A yawan mutane da dawakai, Haɗeja ba ta kama ƙafarsu ba.

Amma taron dangi ne, kowa da shugabansa, kowa da lissafinsa, kuma ƙasar ba tasu ba ce. In ka taɓa bin kwarin Haɗeja ka san yadda yake: fadamu, rassan kogi, duhuwa. Wanda ya girma a ciki ya san inda doki zai wuce da inda zai kafe. Buhari bai zauna cikin ganuwa yana jiran a kewaye shi ba. Ya fito ya afka musu ba zato a Kafur, wani ƙauye kusa da Haɗeja. Runduna ta ruɗe, kowa ya yi ta kansa, aka bar dawakai da kaya. Wannan shi ne Gamon Kafur da har yau mutanen Haɗeja ke ba da labarinsa.

Daga ranar, hukuncin tuɓewa ya zama magana a takarda kawai. Aliyu Babba ya rasu a 1859 bai ga an aiwatar da shi ba. Wanda ya gaje shi, Ahmadu Atiku, shi ma bai iya ba.

Wa ya biya?

To, nan ne labarin ya iso ƙofar gidanku. Jihar Jigawa sai a 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro ta. A zamanin Buhari, Jahun da Miga da Kiyawa da Dutse duk ƙasar Kano ce, kuma su ne gefenta na gabas. Ɗauki taswira ka duba: kana fita Jahun ko Miga ta gabas ka shiga Kafin Hausa, ƙasar Haɗeja. Babu dutse, babu wani abin da ya raba. Duk mai son ya taɓa Kano daga Haɗeja, ta wannan shiyya zai fara bi.

Shekara goma, daga 1853 zuwa 1863, Buhari yana kai hare-hare gabashin Kano da Katagum da Jama'are da Misau. Barth, da ya sake bin hanyar Kano zuwa Borno a ƙarshen 1854, ya ambaci yadda tsoron Buhari ya kai har kusa da birnin Kano. Kada ka ɗauka yaƙin sarki da sarki ne a fili, a yi a gama. Hari ne irin na wancan zamani: a faɗa wa ƙauye da asuba, a kore shanu, a kwashe hatsi daga rumbu, a kama mata da yara da majiya ƙarfi a sayar da su bayi. Dalili kuwa a fili yake. Sarkin da ke riƙe da mulki da ƙarfin mayaƙa dole ya ci gaba da ciyar da su, ya ba su dawakai da riguna, kuma ganima ce albashinsu. Ranar da ganima ta tsaya, biyayya ta tsaya.

Waɗanda aka kama ɗin nan fa yawancinsu Musulmi ne, manoma da makiyaya. Ba su san Sarkin Auyo ba, ba a shawarce su ranar da aka tuɓe Buhari a Katagum ba, ba su da ta cewa ranar da ya ƙi. Manomin da ya kasa zuwa gonarsa ta nesa da gari, da bafataken da ya fasa tafiya, da uwar da aka raba da ɗanta, babu wanda ya rubuta sunansu. Mun san sunan Waziri, mun san sunan Galadima, amma su ko ɗaya ba mu riƙe ba.

Ƙarshensa da abin da ya biyo baya

A 1863 Buhari ya kai yaƙi ƙasar Bade, ya tunkari birninsu Gogaram, wanda yanzu ke jihar Yobe. A wannan yaƙi ya gamu da ajalinsa. Mutumin da daula guda ta kasa saukewa, ƙaramar ƙasa maƙwabciya ce ta zama sanadinsa.

Ɗansa Umaru, saurayi, shi aka naɗa, kuma Haɗeja ta koma yi wa Sakkwato biyayya. Amma Umaru shekara biyu kawai ya yi. A 1865 manyan fada suka juya masa baya, baffansa Haruna ya hau. Ka san inda Umaru ya sami wurin zama? Chamo, nan kusa da Dutse, cikin ƙasar Kanon da mahaifinsa ya shekara goma yana kai wa hari. Uba ya ƙi tuɓuwa a hannun Sarkin Musulmi, ɗa ya tuɓu a hannun mutanen gidansu. Wannan ba abin mamaki ba ne in ka duba da kyau. Da zarar an koya wa mayaƙa cewa su ke naɗawa, to sun koyi cewa su ke cirewa.

Yadda za ka auna shi

In ka shiga Haɗeja za ka tarar ana alfahari da Buhari, kuma akwai dalili. Jarumi ne, ya iya yaƙi, ya faɗaɗa ƙasarsa, ya sa ƙaramar masarauta ta zama abin shakka ga manya. Wannan jarumta ta Haɗejawa ta sake bayyana a 1906, lokacin da Sarki Muhammadu ya zaɓi ya mutu yana yaƙar Turawa a kan ya miƙa wuya, har ake kiransa Mai Shahada. Amma kada ka haɗa su a kwando ɗaya don kawai dukansu sun ƙi. Ɗaya baƙon da ya zo ƙwace ƙasa ya ƙi wa. Ɗayan kiran shari'a a kan jinin ɗan'uwansa ya ƙi amsawa.

Ita ma Sakkwato ba ta fita fes ba. Ta amince da naɗinsa tun farko alhali ta san yadda ya hau. Da ta tashi tuɓe shi, ta yanke hukuncin da ba ta shirya tsayawa a kansa ba, ta bar Ahmadu a bakin kura ta tafi. Hukuncinta na da hujja, amma rashin ƙarfin aiwatar da shi ya sa talakawan gabas suka yi shekara goma cikin fargaba.

Tun daga lokacin an tuɓe sarakuna da yawa. Turawa sun kai Sarkin Kano Alu Lakwaja bayan 1903, sojoji sun cire Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996, rigimar Kano ta 2020 da 2024 kuwa a wayarka ka gan ta. Yanzu ba a hawa doki a kore shanu, amma har yanzu in manya suka ja daga a kan kujera, kasuwa ce ke rufewa, kuma matasa irinka ake turawa titi.

Saboda haka gobe in ka ga sanarwar an cire wani, kafin ka ɗora hotonsa ka rubuta jarumi ko azzalumi, fara duba kalmar da aka yi amfani da ita: saukewa ce, tsigewa ce, ko murabus ɗin dole? Sannan ka nemi laifin da aka ce ya yi, ka ga ko an ba shi damar kare kansa, ka duba ko wanda ya cire shi ya bi ƙa'ida. Daga ƙarshe ka tambayi kanka wa zai kwana da yunwa in rigimar ta yi tsawo. A zamanin Buhari amsar ita ce manoman Jahun da Miga da maƙwabtansu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, sarakunansu da talakawansu, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa.